Gwadon Kaka da Maraƙar da Bai Gani Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kakana na wajen uwa ya riga mu komawa a nan Dubai, cikin Afrilun 2020, lokacin da korona ta sa aka kulle gari aka hana jirage tashi. Ba ita ta kashe shi ba, zuciyarsa ce ta gaji. Amma ita ta hana mu zaman makoki. Babu tabarma a ƙofar gida, babu gumba, babu tsohuwar da za ta dafa min kafaɗa. Maigidana da wasu 'yan tsiraru aka bari suka raka shi makabarta, ni kuwa na zauna a filat ɗinmu na Deira da waya a hannu, ita ce ta zame min zauren karɓar gaisuwa.

Kowa da irin tasa gaisuwar. Mutanen gida suka yi ta cewa, "Ƙasarsa ce ta kira shi, inda aka ɗebo ƙasar mutum can ake mayar da shi." Na san gaskiya ce, amma duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in kashe wayar. Wace ƙasa ce a Dubai za ta kira mutumin da bai taɓa son garin ba ko na yini guda? 'Yan kasuwar Sabkha, inda maigidana yake da ofishin kago, wato aika kaya ta jirgi, su ko sunansa ba su sani ba. Sai dai in ji, "Ashe Mai Gwado ya rasu? Allah ya jiƙan tsoho mai barkwanci." Wata Hajiya 'yar Kano mai saro leshi da turare ta kira ni tana kuka tana dariya, ta ce duk sanda ta buɗe akwatinta sai ya faɗo mata a rai.

Kawuna, ɗansa da ke riƙe da gida a ƙauye, shi bai yi maganar ƙasa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To maraƙar nan fa? Har yanzu ba ta da suna." Nan na fashe da kukan da nake riƙewa tun safe. Saboda wannan maraƙar nake rubutun nan, don wanda bai san labarinta ba bai san Kaka ba.

Kaka manomi ne a wani ƙauye na Jigawa, amma rabin ransa yana wajen shanu. Ranar da ya yi aure mahaifinsa ya ba shi karsana guda, daga ita garke ya tashi. Ina ƙarama na san turaka cike a bayan gida. Sai shekaru suka yi ta tsinke su, ciwo ya ɗauki wasu, auren 'ya'ya da aikin Hajji suka ɗauki wasu, ɓarayi suka kwashi rabonsu. Daga ƙarshe guda ɗaya ta rage daga jinin waccan karsanar, farar saniya mai baƙin kunne da yake kira 'Yar Gado. Ta tsufa, ta sha yin ɓari, waɗanda ta haifa da rai kuma duk maza ne. Burin Kaka ɗaya ne, ya ga ta haifi mace kafin ɗayansu ya tafi, kada jinin ya yanke a hannunsa. Yakan ce, "Abin da uba ya ba ka ba naka ba ne, ajiya ce."

Saniyar nan ba ta yarda da kowa sai shi. Kawu ma sai ya yi mata dabaibayi yake iya tatsarta. Kaka kuwa tsugunawa kawai yake yi, ya dafa cinyarta, ta saki nono. In an tambaye shi sirrin sai ya ce, "Saniya ba ruwanta da fuska, ba ruwanta da sarauta. Da hanci take gane nata."

A ƙarshen 2019 ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, muka ce a kawo shi nan likitan zuciya ya duba shi. Ya ƙi ƙememe, don 'Yar Gado tana da ciki. Da ƙyar aka rarrashe shi da cewa zai dawo kafin ta haihu. Ya sauka da 'yar jakarsa da wani tsohon gwado a kafaɗa, saƙar hannu, wanda tun ina yarinya da shi yake fita turke kowace asuba. Launinsa na asali Allah kaɗai ya sani. Warinsa kuwa, hayaƙi ne da nono da kashin shanu da zufar shekaru. Ni a kantin magani nake aiki, kuma mace ce ni da ko cokali ya faɗi ƙasa sai na wanke shi na sake wankewa. Tun a cikin mota na san za a yi rigima.

Na ce, "Tsoho, wannan abin ba zai kwana a gidana ba sai ya shiga injin wanki."

Ya ce, "Amarya," haka yake kirana tun ina goye, wasan kaka da jika, "ki wanke ni in kina so, amma ki bar min gwadona. Wannan ɓarawon da ya ƙwace min ke ya lalata miki hanci da turare."

Maigidana ya yi dariya ya ce shi ba ruwansa, tsakanin mata da tsohon mijinta ne. Ni kuwa ban haƙura ba. Wata rana Kaka ya shiga wanka, na lallaɓa na cusa gwadon a inji. Ina laluben maɓalli sai na ji shi a bayana. Bai kira ni Amarya ba, bai yi wasa ba. Ya ce, "In kin gaji da ni, ki kai ni filin jirgi." Ranar bai ci abincina ba. Ni ma na yi fushi, na ce a gidana za a nuna min iko a kan tsumma? Amma washegari ni na kai masa shayi na ba shi haƙuri, muka yi sulhu a kan zan riƙa shanya gwadon a baranda ya sha iska, ruwa dai ba zai taɓa shi ba.

Dubai ba ta burge shi ba. Na kai shi ya ga dogayen gine-gine, ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa, ya ce, "To, gari guda babu ko akuya?" Na zuba masa madarar kwali, ya kurɓa ya ajiye, ya ce, "Wannan ta wace saniya ce? Wa ya san uwarta?" Da ya gaji da zaman gida sai ya fara bin maigidana Sabkha, ya zauna tsakanin kwalaye a naɗe da gwado saboda sanyin na'ura, yana tsokanar duk ɗan kasuwar da ya shigo. Can ya samo sunan Mai Gwado. Da yamma nakan kai shi bakin ruwa a Al Ras ya kalli abra, ƙananan jiragen katakon da ke tsallakar da mutane. Fararen tsuntsayen ruwan nan ne kaɗai suka shiga ransa. Ya ce, "Amarya, dubi balbela babu shanu. Su ma baƙi ne kamar ni."

Gwaje-gwaje suka ja lokaci, har aka shiga Janairu kafin a sa ranar da za a yi masa aiki a jijiyar zuciya. Ana saura 'yan kwanaki, da hantsi a nan, can gida kuwa an idar da sallar asuba ke nan, sai ga kiran bidiyo daga Kawu. Bakinsa yana fitar da tururi don sanyi. 'Yar Gado ta haihu, amma da ƙyar. Ɗan ya juyo da ƙafafun baya, sai da maƙwabta suka taru, aka yi ta zuba ruwan sabulu don santsi, aka ɗaura igiya aka ja. Ya juya wayar, muka ga wani abu jiƙe sharkaf a ƙasa, ko motsi ba ya yi.

Kaka ya fizge wayar daga hannuna. Mutumin da hawa bene ke sa shi haki, ranar muryarsa har waje.

"Mace ce ko namiji?"

"Mace ce, Baba."

Ya rufe ido, ya buɗe. "To kada ku kashe min ita da kallo! Sa yatsa ka kwashe majinar bakinta. Zaro tsinken ciyawa ka sosa mata hanci. Ƙara! Yauwa, ta yi atishawa. Yanzu buhu, busasshen buhu, ka goge ta da ƙarfi, daga baya zuwa wuya. Ba shafa na ce ba, kai, ba amarya ba ce! Ku hura wutar kara, ku kare ta daga iska da zana."

Na leƙa na ce a shafa wa cibiyar aidin kada ƙwayar cuta ta shiga. Na zaci zai gwale ni, sai ya ce, "Ku ji maganarta, nan fagenta ne." Har yau ina jin daɗin wannan kalmar.

Maraƙar ta ɗago kai, tana karkarwa. Sauran abu ɗaya, ta sha dakashi, nonon farko mai kauri wanda in maraƙi bai same shi da wuri ba da wuya ya yi rai. Aka tura ta gaban uwar. 'Yar Gado ta sansana ta sau ɗaya, ta yi tsaki irin nasu, ta sa ƙaho ta ture ta. Wuya ta sha, kuma abin da aka kawo mata warin sabulu yake da hannun baƙi, ba ta ga alamar nata ba ne. Kawu ya barbaɗa wa maraƙar gishiri da dusa, yadda ake yi don uwa ta lasa ta saba. Ta kau da kai.

Kaka ya ce, "Ba komai. Shiga ɗakina ka ɗauko rigar da nake zuwa turke da ita, ka lulluɓa wa 'yar. In ta ji warina a jikinta za ta karɓa."

Sai muka ji muryar matar Kawu daga gefe, tana kuka. Ashe bayan tafiyarsa ta kwashe kayansa kaf, har hula da buzun salla, ta wanke wanda zai wanku, ta shanya sauran, ta turara su da turaren wuta, ta share ɗakin ta shafe shi, wai don ya dawo daga asibiti ya tarar da tsabta. Babu tsumma ɗaya a gidan da ya rage da warinsa.

Na dubi Kaka, na san abin da ke tafasa a cikinsa. Amma sai ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Alheri kika yi niyya, daina kuka." Ya sa Kawu ya ɗaure saniyar ya tatsi dakashin da ƙarfi, a ɗura wa maraƙar da kwalba kaɗan-kaɗan, a kwantar da ita kusa da wuta. Amma ya san wannan ba mai ɗorewa ba ne, saniyar da ake tatsa da faɗa riƙe nononta take yi har ya ƙafe. Da aka kashe wayar ya juyo ya kalli baranda inda gwadon ke shan iska, sannan ya kalle ni.

"Amarya, kin ga amfanin ƙazanta?"

Maigidana ya bazama cigiya a Sabkha, aka dace Hajiyar nan mai leshi za ta tashi zuwa Kano washegari. Kaka ya wuni a naɗe cikin gwadon, ko na'urar sanyi ya hana a kunna, wai ya ƙara jin jiki. Da la'asar muka je ofis muka same ta tana fama da akwatuna.

Ta ce, "Baba, wallahi kilona ya cika, ko allura ba za ta shiga ba." Sai warin ya iso mata. Ta ja baya ta toshe hanci da gyale. "La'ilaha! Wannan abin a cikin leshina?"

Kaka ya ce, "Hajiya, ni ma tsoron kayanki nake ji. Kada turarenki ya ɓata min gwado."

Ofis ya kaure da dariya, har da ita. Maigidana ya ce, "Shi ke nan, Hajiya, rage leshin zan sa miki a kago. Maza, a kawo leda." Kaka da kansa ya tsaya a kan ɗaurin, leda cikin leda, ana matse iska ana liƙewa. Ya ja mata kunne kada kowa ya buɗe a hanya, kada ta bari a fesa masa komai. Ta rantse ita da kanta za ta damƙa wa Kawu a tasha.

Ana gama ɗaurin ya ɗauki ƙunshin ya rungume, ya ce, "Ko dai in kai shi da kaina?" Da murmushi ya faɗa, amma ni yake kallo. Na ce haba Tsoho, aikinka saura kwana nawa? Ya ce, "To," ya miƙa wa Hajiya. A hanyar gida na tsaya na saya masa sabon bargo mai laushi. Ya sansana ya ce warin kanti yake, amma ya yafa, don kada in ji ba daɗi.

Kwanakin da gwadon ya yi a hanya, maraƙar ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gudawa ta fara kama ta. Matar Kawu ce ta koma kwana kusa da ita tana iza wuta. Ranar da saƙon ya isa, Kawu ya kira da rana tsaka. Muna kallo ya yage ledar, ya lulluɓa wa maraƙar gwadon, ya ɗaure shi a ƙirjinta da igiya, ya barbaɗa gishiri a wuyanta, ya tura ta gaba ya ja da baya.

'Yar Gado ta ɗago kai. Ta miƙo wuya, hancinta yana motsi. Ta tako a hankali ta tura hancin cikin gwadon ta daɗe a haka. Sai ta yi wani kuka ƙasa-ƙasa, irin wanda take yi in ta hango Kaka da asuba. Ta lashi gwadon, ta lashi wuyan 'yar, ta ci gaba da lasa har kunne. Maraƙar ta yi tangaɗi ta laluba ta kama hantsa, uwar ta tsaya cak.

Kaka ya kai bakinsa jikin waya ya kira saniyar yadda yake kiranta. Ta waiga tana nemansa. Hawaye yana bin gemunsa, bai ma share ba. Kawu ya ce, "Baba, sai ka raɗa mata suna." Ya ce, "A waya? Ba a raɗa wa dabba suna sai an dafa ta. Ku bari in zo."

Aikin ya yi kyau. Cikin Fabrairu ya fara tafiya har bakin ruwa ba tare da ya tsaya hutawa ba, ya kuma fara haɗa 'yar jakarsa. Likita ya ce yana so ya sake ganinsa bayan 'yan makonni kafin ya sallame shi. Kawu ya goyi bayan likita, maigidana ma haka, ni kuwa na fi kowa ɗaga murya. Kaka ya ce, "Amarya, maraƙi ba ya jira, girma yake yi." Na ce ai saniya ba guduwa za ta yi ba. Muka ɗaga tafiyar. Kafin ranar ta zo aka rufe filayen jirgi, nan da can.

Da na sani ƙeya ce, a baya take. Babu wanda ya yi mugun nufi a cikinmu, kuma na san kwana in ya ƙare ko a ina mutum yake sai ya tafi. Amma ina baƙin ciki, kuma ba zan ɓoye ba. Gwado ya samu wurin zama a jirgi, mai gwado bai samu ba.

Zaman kulle ya ci shi. Babu Sabkha, babu bakin ruwa, sai bango huɗu da bidiyon da Kawu ke turowa. Yakan sa in maimaita masa ɗaya har batir ya mutu, yana cewa a duba, baƙin kunnen uwarta ta ɗauko. Sau ɗaya na ce ya raɗa sunan kawai ko a asirce ne, ni kaɗai in sani. Ya girgiza kai ya ce sai ya dafa ta. Ƙafafun suka sake kumbura. Wata safiya numfashi ya sarƙe, motar asibiti ta ɗauke shi, ba a bar ni na bi ba. Abin da ya ce min a bakin ƙofa shi ne, "Kada ki bari a sayar da ita."

Bayan an kwana biyu da rasuwar na tarar da rigar da ya cire a safiyar nan rataye a bayan ƙofa. Hannuna ya ɗauke ta da kansa ya nufi injin wanki, sabo ke nan. Har na buɗe murfin, sai na tsaya. Na nemo leda na sa ta, leda cikin leda, na matse iska na liƙe, yadda na ga ya yi.

Sai ƙarshen shekarar na samu zuwa gida, sanyi ya sake zagayowa. Bayan an gama koke-koke da gaisuwa, Kawu ya ja ni bayan gida. Maraƙar ta zama 'yar karsana, fara tas, da baƙin kunnenta, tana tsalle a turke. Gwadon yana rataye a jikin rumfa, matar Kawu ta ce duk wanda ya kai shi kusa da ruwa sai ya gamu da ita. Har ranar ba a sa wa 'yar suna ba, "ta Baba" kawai ake ce mata. Kawu ya ce, "Ke ce amaryarsa, ke za ki dafa ta a madadinsa."

Na yage ledar na yafa rigar a kafaɗata na shiga. Ban kai ga 'yar ba. 'Yar Gado, wadda ba ta taɓa bari na matso kusa da ita ba, ta bar harawar da take ci ta taho iya tsawon igiyarta. Ta tura hancinta cikin rigar, ta yi kukan nan nata na asuba. Sannan ta ɗago kai ta leƙa bayana, ta zuba wa ƙofar zaure ido, tana jiran wanda ke tafe.

Allah ya jiƙanka, Tsoho, ya yafe maka, ya sa ƙasar baƙuntar da ta riƙe ka ta yi maka sauƙi, ya lulluɓe ka da rahamarsa. Ajiyar mahaifinka tana nan, jinin bai yanke a hannunka ba. Sunan dai na kasa raɗawa. Na dafa wuyan saniyarka, tana ta kallon ƙofa, na ce mata, "Ni kaɗai ce na dawo."